Zakarun Roba a Saman Benen Nuzla

A unguwar Nuzla, duk wanda ya taɓa zama shan shayi da Abdulmohsen ya san abu biyu game da shi. Na farko, babu ofishin da bai san shugabansa ba a duk faɗin Jidda. Na biyu, da ba don ciwon baya ya tare masa hanya ba, da yanzu shi ke riƙe da kambun kokawa na duniya. Duka biyun daga bakinsa aka ji su.

Mu'aƙƙib ne, wato mai bin takardun mutane daga wannan taga zuwa waccan: sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, canjin kafili mai tsaya wa baƙo, da makamantansu. Shekararsa hamsin ba ɗaya. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi babansa, kakansa ne ya taho daga ƙasar Hausa da ƙafa. Yana da tumbi daidai misali, da matarsa Mastura, da 'yarsa ɗaya tilo Wejdan wadda aka aurar bara, da kuma wani ɗaki wanda ba a shigarsa sai da izini.

A ɗakin akwai dogon kabad na gilashi, a cikinsa kuwa 'yan kokawa ne na roba guda sittin da huɗu, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, ga ƙwanji, ga ɗan kamfai mai walƙiya. Shekara ashirin yana tara su, wasu daga shagunan Bab Makka, wasu daga kasuwar haraji inda ake sayar da tsofaffin kaya. Da kansa ya raɗa wa kowanne suna: ga Tsawar Gabas, ga Mai Gatari, ga kuma ɗan lelensa Baƙin Bijimi. Duk ranar Alhamis yakan zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya da burushin haƙori.

Yana cikin wannan hidimar ne wata Alhamis Mastura ta turo ƙofa ba ta nemi izini ba.

"Abu Wejdan, ɗakin nan nake so."

"Wane ɗakin?"

"Wanda kake ciki. Wejdan ta shiga watan haihuwa, nan za ta zo wankan jego, kwana arba'in. A ina zan ajiye ta? A kicin? Kwashe 'yan tsanarka."

Abdulmohsen ya ajiye burushi a hankali. "Sau nawa zan gaya miki ba 'yan tsana ba ne? Kin taɓa ganin 'yar tsana da gashin ƙirji?"

"Ban kuma taɓa ganin mai furfura a gemu yana wanke wa roba hammata ba. Gobe ko jibi za ka zama kaka. Jikan zai zo ya tarar kun yi anko da shi a kayan wasa."

"Ke ce ba ki waye ba, Ummu Wejdan. Wannan harkar manya ce. Likitoci suna tarawa, injiniyoyi suna tarawa, masu iyali, masu mutunci. A nan Nuzla kaɗai, in na ɗaga murya, magidanta ɗari za su fito su shaida."

"Ɗari ta yi maka yawa. Kawo mini goma. Magidanta goma masu hankali su tsaya su ce wannan aikin manya ne, kabad ya koma falo, ni da kaina zan riƙa goge shi. In ba su cika ba, ranar Asabar kai da su sai haraji."

"Halas, an gama! Juma'a mai zuwa, bayan la'asar, a saman bene. Baje-koli zan yi wanda Jidda ba ta taɓa gani ba."

"Khala A'i ce alƙali."

Khala A'i tsohuwa ce 'yar shekara tamanin da ke hawa na biyu, kuma tun da aka gina gidan ba a taɓa jin ta yaba wani abu ba, ko da ruwan sanyi ne a watan azumi. Amma bakinsa ya riga ya yi gaba. Ya ce, "Ko ita za ta tafa."

A ranar ya ɗauki waya ya aika saƙon murya ga zauren WhatsApp na unguwa. Ya gyara murya sau uku kafin ya fara.

"Jama'ar Nuzla, albishirinku! Ranar Juma'a bayan la'asar, a saman benenmu, zakarun kokawa na duniya sittin da huɗu za su hallara. Baƙin Bijimi zai zo, Tsawar Gabas zai zo. Shiga kyauta ce, amma magidanta kawai. Wanda bai zo ba kada ya zarge ni."

Kalmar roba bai manta da ita ba. Ya dai ga tana rage wa sanarwar kwarjini, sai ya bar ta a aljihu.

Kafin kwana biyu saƙon ya bar Nuzla, ya shiga unguwar Kurayyat, ya zaga masu atamfa na Bab Makka. Wayarsa ta hana shi cin abinci.

Wani mutum da bai san lambarsa ba ya kira ya ce, "Ya Abu Wejdan, a wane otal suka sauka?"

Abdulmohsen ya ɗauka raha ce, ya ƙyalƙyale da dariya. "Wane otal? A gidana suke."

"Su sittin da huɗun?"

"Ɗaki ɗaya ma. Ba ka jin ko tarinsu."

"Masha Allah! To wa ya yi musu takardu?"

"Ka manta sana'ata?"

Ya kashe waya yana jinjina wa kansa yadda mutane suka iya wasa. A daren Laraba da na Alhamis kuwa bai zauna ba. Ya sayo gam ɗin nan da ake narkawa da 'yar bindiga, ya liƙa kowane zakara a kan kantocin kabad cikin salon faɗa: wannan ya shaƙe wuyan wancan, wancan ya ɗaga ƙafa zai yi tsalle.

Ranar Juma'a da hantsi ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa Zaharaddeen, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutum marar yawan magana wanda ya saba hawa da kaya masu nauyi.

Zaharaddeen ya dubi kabad, ya leƙa matakala, ya dawo. "Ba zai wuce kwana ba. A fitar da su a kwali, a kwance kabad ɗin."

"Na riga na auna."

"Da me?"

"Da ido. Idon nan nawa bai taɓa kuskuren santimita ɗaya ba. Yalla, kama can. Bayana yau ƙarfe ne."

Hawa na farko suka wuce lafiya. A kwanar da ke tsakanin hawa na biyu da na uku kabad ya shiga ya kafe. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi. Abdulmohsen yana ƙasa da rabin nauyin a kafaɗa, Zaharaddeen yana sama, ba mai ganin ɗan'uwansa.

"Juya shi dama!"

"Damarka ko damata?"

"Damar kabad!"

Suna haka aka yi kiran farko na sallar Juma'a. Mazan hawa na uku da na huɗu suka sauko cikin fararen jallabiyoyi, sun sha guga da turare, suka tarar an rufe hanya. Aka yi shawara, aka yi tsaki, daga ƙarshe dai babu yadda za a yi sai rarrafe ta ƙarƙashin kabad. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ɓullowa ta tsakanin ƙafafun Abdulmohsen da ƙura a gwiwa, shi kuwa kowanne ya fito sai ya ce masa, "Kada ka manta, bayan la'asar."

Hayaniyar ta fito da Khala A'i, tana dogara sanda. Ta ga dogon akwati a kafaɗun maza, ta tsaya cak.

"Inna lillahi! Wa muka rasa?"

"Ba kowa, Khala. Zakaru ne."

Ta matso ta leƙa ta gilashi ta daɗe. "Tsirara suke. Ba ka da ƙyallen da za ka ɗinka musu wando?"

Sai da Zaharaddeen ya ɗauko sukuddireba ya cire ƙafafun kabad da rawanin samansa, ya kuma goge fentin bango tsawon kamu uku, sannan aka wuce. Suka isa saman bene rana tana tsakiyar ka.

Abdulmohsen ya kafa kabad a tsakiyar fili, inda kowa zai gani.

"Ya shekh, watan Agusta ne," in ji Zaharaddeen yana share gumi. "Gilashi a wannan rana tanda ne. Matsar da shi inuwar tankin ruwa."

"Robar waje ce, ba ta san zafi ba. Kai dai ka san na'urar sanyi, ka bar mini wannan fannin."

Don kada wani ya riga ganin abin mamaki kafin lokaci, ya sauka ya zaro baƙaƙen abayoyin Mastura guda biyu daga igiyar shanya, ya lulluɓe kabad ruf, ya ɗaure da igiya. Sannan suka ruga masallaci.

Ana sallame la'asar titin gidan ya cika. Motoci sun yi layi har bakin kantin da ke kwanar titi. Wani mai sayar da balila, wato dafaffen wake, ya kafa tukunyarsa a ƙofar gida yana ciniki. Matakala ta cika da maza, saman bene ya cika, wasu sun ɗare kan katanga. Abdulmohsen ya leƙo ya ga taro, ƙirjinsa ya ƙara faɗi. Ya juya wajen ƙofar matakala inda Mastura take tsaye da matan gidan, ya ɗaga mata gira.

"Goma kika ce ko?"

"Abayata ce waccan?" in ji ta.

Bai ji ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba, domin a lokacin ne aka hawo da Khala A'i a kan kujerar roba, maza biyu suna ɗauke da ita. Aka ajiye ta a gaba, aka miƙa mata shayi. Ta kurɓa ta ce ya yi sanyi.

Sai taron ya dare biyu. Wani ƙato ya shigo, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Usuman ne mai agashe, Bahaushen Sudan da ke gasa nama a Kurayyat. Ya tuɓe riga ya rataya a wuya, ya ɗaure ƙugu da rawani, jikinsa yana sheƙi saboda man riɗi da ya shafa tun daga wuya har idon sawu.

"Wane ne Abu Wejdan?"

"Ga ni."

"Ya zol, bawan Allah, ina Baƙin Bijimin? Tun ina Gadarif ba a taɓa kai bayana ƙasa ba. Na rufe shago na zo in gwada shi."

Abdulmohsen ya ɗaga kai ya dube shi, ya yi 'yar dariya wadda ba ta fito duka ba. "Za ka gan shi yanzu."

Ya hau kan bulo, ya buɗe hannuwa. Ya yi jawabi a kan tarihin kokawa tun daga zamanin kakanni, ya bi ta kan ƙuruciyarsa, ya ambaci wata gasa da ya kusa shiga. Mutane suka fara leƙen bayan tanki ko zakarun suna can. Wani ya ce wataƙila da jirgi mai saukar ungulu za a kawo su.

"Jama'a," in ji Abdulmohsen, "ga zakarun duniya!"

Ya fizge abaya.

Wari ne ya fara fitowa, irin na tayar da ta sha birki. Sannan ido ya gani. Gam ya narke ya gangaro kanta bayan kanta kamar miyar kuɓewa. Tsawar Gabas ƙafafunsa sun lanƙwashe, ya zauna daɓas, kansa ya shige hammatar Mai Gatari. Mai Gatari kuwa gatarin ya yi laushi ya rataya kamar jelar akuya. Na kantar sama su goma sha biyu sun rungume juna sun zama curi guda mai ƙafafu ashirin da huɗu. Baƙin Bijimi kaɗai ya rage a tsaye, shi ma wuyansa ya karkace yana kallon taron ta gefe kamar mai jin kunya.

Daga ƙasa ana jiyo mai balila yana kiran ciniki.

Wani dattijo mai jan shimagi, mayafin kan nan na maza, ya ce, "To, ina zakarun?"

"Ga su nan."

"Ina?"

"A cikin kabad. Sun ɗan gaji ne."

"Ya jama'a! Daga Bab Makka na taho, na bar baƙi a gida!"

"Ni matata na ce wa zan je ta'aziyya!"

"Waɗannan ne ka yi wa takardu?" in ji wata murya, Abdulmohsen kuma ya gane mai kiran waya ne.

Usuman ya matso ya sunkuya, ya dubi Baƙin Bijimi, ya dubi tafin hannunsa. "Ya zol, kwalba guda ta man riɗi na ƙarar a jikina saboda wannan?"

"Ai ban ce masu rai ba ne."

"Ba ka kuma ce matattu ba ne!"

Taro ya ɗauki zafi. Can daga kan katanga wani ya ɗaga murya: "Mun zo kallon kokawa, sai mun kalla! Ba shi ne kullum yake cewa ya kusa zama zakaran duniya ba? Ga Usuman, ga shi!"

"Haka ne! Yalla! A buɗe fili!"

Abdulmohsen ya dafe ƙugu. "Da na so ƙwarai, wallahi. Sai dai bayan nan nawa..."

"Da safe ka ce ƙarfe ne," in ji Zaharaddeen.

Ya waiwaya wajen ƙofar matakala ko zai sami hanya. Mastura ce tsaye a wurin, ta harɗe hannu. Ya dubi Usuman, ya dubi Mastura, ya ga Usuman ya fi sauƙi.

"To," in ji shi, yana naɗe hannun jallabiya. "Amma salon zamani zan yi maka, irin na talabijin. Kada ka ce ban gargaɗe ka ba."

Ya kama tsanin tankin ruwa ya hau, mataki ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya leƙo ƙasa ya ga ya isa haka. Ya juyo, ya daki ƙirji, ya yi wani ihu da ya tayar da tantabarun maƙwabta, ya rufe ido ya daka tsalle.

Gefen jallabiyarsa ya maƙale a ƙarfen dish ɗin talabijin. Aka ji kyaaat, rigar ta tsage daga ƙasa har hammata, shi kuma ya taho a karkace. Usuman bai ko matsa ba. Hannu biyu ya miƙa ya cafe shi kamar an miƙo masa jariri ranar suna.

"A ina zan ajiye shi?" Usuman ya tambayi jama'a.

Ba a kai ga ba shi amsa ba man riɗi ya yi aikinsa. Abdulmohsen ya sulluɓe daga hannunsa kamar sabulu, ya sauka a kan mazaunai, ya zarce a kan tayil har sai da ƙafafunsa suka daki gindin kabad. Kabad ya yi tangaɗi, ya sunkuyo. Zaharaddeen ya yi wuf ya tare shi da kafaɗa, amma ƙofofin sun riga sun buɗe. Zakarun duniya suka zubo a kan ubangidansu kamar ƙanƙara, curin nan mai ƙafa ashirin da huɗu ya sauka a kan tumbinsa ya zauna.

Dariyar da aka yi har mai balila ya hawo ya ga abin da ya faru.

Dattijon nan mai jan shimagi ne ya fara sunkuyawa, wai zai taya kwashewa. Ya ɗauki ɗaya mai koren wando, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido.

"Kai! Wannan ai irin wanda muke kallo ne a kaset ɗin bidiyo muna samari. Ba a taɓa kayar da shi ba."

"Wa ya gaya maka?" in ji na kusa da shi, ya ɗauki wani. "Wannan mai sanƙon sau biyu yana yi masa dukan tsiya."

"Ƙarya ne! Alƙalin wasa aka saya!"

"To zo mu gani!"

Suka durƙusa, suka haɗa robobin biyu ƙirji da ƙirji. Usuman ya tsinci Baƙin Bijimi, ya taɓa hannunsa da ɗan yatsa, ya zaro ido.

"Ya zol, hannunsa yana motsi! Har gwiwa tana lanƙwashewa!"

Kafin a ce haka, saman bene ya koma filin daga. Maza masu gemu, masu tumbi, masu surukai, duk sun zube a gwiwa. Wannan yana "Dush! Dush!" da baki, wancan yana buga tayil yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wanda ya ce wa matarsa zai je ta'aziyya ya cire agal ɗinsa, baƙar igiyar da ke riƙe masa mayafin kai, ya shimfiɗa a ƙasa ya ce shi ne fili. Wasu biyu suka kusa cin kwalar juna a kan wa ya fara ɗaukar Mai Gatari.

Abdulmohsen ya miƙe yana riƙe da yagaggiyar rigarsa da hannu ɗaya, gam ya liƙe masa a gemu. Ya duba hagu, ya duba dama, fuskarsa ta washe.

"Ummu Wejdan! Ƙirga! Ɗaya, biyu, biyar, tara, goma sha bakwai! Har da ƙari! Khala, a yanke hukunci!"

Khala A'i ta ajiye kofin shayi. Ta buga sandarta a ƙasa sau biyu, aka yi shiru, kowa ya ɗago da roba a hannu. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba.

"Magidanta goma masu hankali aka ce in ƙirga," in ji ta. "Ni tun da aka hawo da ni nan ban ga babba ko ɗaya ba. A sauke ni."

Matan da ke bakin matakala suka saki guɗa. Mazan suka miƙe a hankali suna kaɗe gwiwa, kowa ya tuna yana da wani uzuri. Sai dai Abdulmohsen ya lura duk wanda ya nufi ƙofa aljihunsa ya yi tudu.

"Kai, malam! Mene ne wannan a aljihunka?"

"Na yarona ne zan kai masa."

"Zaharaddeen, har da kai? 'Ya'yanka duk mata ne, kuma duk an aurar da su!"

"Ladan ɗaukar kabad," in ji Zaharaddeen, bai ko waiwayo ba.

Usuman ne na ƙarshe. Ya sa rigarsa, kan Baƙin Bijimi yana leƙowa daga aljihun gaba.

"Wannan kam a'a! Shi ne ɗan lelena!"

"Ya zol, na kayar da kai ko ban kayar ba?"

"Zamewa na yi."

"A garinmu wanda ya yi kaye shi ke tafiya da bijimi. Ma'assalama."

Ya sunkuya ya wuce ƙofa.

Saman bene ya rage daga Abdulmohsen sai Mastura, sai kofunan shayi a warwatse, sai curin nan mai ƙafa ashirin da huɗu wanda babu aljihun da ya iya ɗaukarsa. Ta ɗauki abayoyinta ta shinshina, ta yamutsa fuska. Shi kuwa ya tsaya yana kallon kabad fayau, ya daɗe, sannan ya gyara tsayuwa ya ɗaga yatsa.

"Kin dai gani da idonki, Ummu Wejdan. Abin da ba shi da daraja, manyan mutane ba sa sace shi."

"Na gani," in ji ta, ta miƙa masa tsintsiya. "Fara daga can kusurwa."